Kafin ka sayar da ƙaramar kyamararka don ful-firem

Da zarar yaro ya fara ganin 'yan kuɗi a sana'ar hoto, tunani ɗaya ke hana shi sakat: yaushe zan koma ful-firem? In masu hoto sun taru a gefen rumfa ana jiran fitowar amarya, kowa na satar kallon abin da ke rataye a wuyan ɗan'uwansa, mai ƙaramar kyamara kuma yana jin kamar bai isa a kira shi mai hoto ba. Ni ma na ji hakan a zamanina, na biye wa zuciya, na kuwa ji a jikina. Ƙannena maza da mata da kuka shigo sana'ar a bayanmu, ku ba ni hankalinku kaɗan.

A cikin kowace kyamarar zamani akwai ɗan farantin da haske ke sauka a kansa, shi ake kira sensa, shi ne ya gaji fim ɗin da iyayen gidanmu suka yi aiki da shi. Ful-firem ita ce wadda sensarta ta kai girman fim ɗin 35mm, wato milimita 36 a faɗi, 24 a tsayi, awon da kyamarar Leica ta Jamus ta yaɗa tun fitowarta kasuwa a 1925. Kurof kuwa, wadda ake rubuta wa APS-C a kwali, tata sensar ba ta kai haka ba: wajen milimita 23.5 da 15.6 a Nikon da Sony da Fujifilm, 22.3 da 14.9 a Canon. In ka buga lissafi, filin babbar ya ninka na ƙaramar sau biyu da ɗoriya. Iyakar bambancin ke nan. Duk wani cika-baki da za ka ji a kasuwa, in gaskiya ne daga wannan faɗin fili ya fito, in bai fito daga nan ba to tallan mai kaya ne.

Da Canon 600D na tashi. Megafiksil 18 gare ta, ba nauyi, ga allon da ke juyawa. Ina da lensin da ta zo da shi, 18-55mm, na ƙara 55-250mm na ɗauko nesa, da ɗan 50mm f/1.8 (lambar f awon ƙofar hasken lensi ce, ƙanƙantarta faɗin ƙofar) wanda kusan kowane mai hoto ya taɓa riƙewa. Da su na yi suna da kamu da saukar karatu, ba wanda ya taɓa dawo mini da hoto. Da na tara abin da na tara, maimakon in sayi filasha ta kirki, sai na sayar da gangar kyamarar, na haɗa da duk abin da ke hannuna, na karɓo Canon 6D ta hannu. A zatona gilasaina suna nan, gangar jiki kawai na sauya.

Sai da na iso gida na gane 18-55 da 55-250 ba sa hawa kanta sam. Duk lensin Canon da aka rubuta wa EF-S, don kurof aka ƙera shi, bayansa ya fi kutsawa ciki, saboda haka aka yi bakinsa yadda ba zai shiga ful-firem mai madubi ba. Abu ne da ke rubuce a takardar kyamarar, ni ne ban karanta ba, ban kuma tambayi kowa ba don kada a ce ban sani ba. Na wayi gari da babbar kyamara da ɗan 50mm guda, aljihu fayau, kamar wanda ya sayi ingarma bai bar kuɗin harawa ba. Na daɗe ina zuwa biki da aron lensi, wani lokaci in yi haya, abin da aka biya ni rabinsa ya tafi can.

Masu Nikon da Sony za su ce su nasu yana hawa. Gaskiya ne, lensin DX, wato na Nikon kurof, yana hawa Nikon ful-firem, amma kyamarar sai ta yanke gefe da gefe ta yi aiki da tsakiyar sensa kaɗai. Nikon D750 mai megafiksil 24 takan koma wajen 10. Ka ga ka biya kuɗin babbar sensa, kana cin moriyar abin da bai kai rabinta ba.

To ga abin da ya kamata ka yi kafin ka je kasuwa: ka yi lissafin jakar gaba ɗaya. Lensin ful-firem dole ya haska fili mai faɗi, don haka gilashinsa ya fi girma, ya fi nauyi, ya fi tsada, ga shi farashinsa dala yake bi. Gilasai biyun da masu biki ke mafarki, 24-70mm f/2.8 da 70-200mm f/2.8, kowane ɗaya zai iya kai kuɗin gangar kyamara ta hannu ko ya haura. Na Canon 24-70 ɗin gram 805 ne, 70-200 kuwa ya kusa kilo ɗaya da rabi. Ɗan 55-250 da na raina bai kai gram 400 ba. Wanda bai taɓa tsayuwa daga la'asar zuwa sha ɗayan dare a wajen dina da irin wannan kaya a wuya ba, zai ɗauka maganar nauyi ta ragwaye ce.

Akwai lissafin da in ka riƙe shi ba mai ruɗa ka. Da yake ƙaramar sensa tsakiyar hoton kawai take kamawa, lensi yakan yi kamar ya ƙara jawo abu kusa. A Nikon da Sony da Fujifilm ka ninka lambar lensin da 1.5, a Canon da 1.6. Saboda haka 50mm a kan 600D yana ganin abin da 80mm ke gani a ful-firem. Shi ya sa in ka shiga ɗakin amarya da shi za ka yi ta ja da baya har ka jingina da bango, jeren bai gama shiga ba. Yara da yawa a nan suke yanke hukunci cewa kyamarar ce ta gaza. Lensin ne bai dace da ɗakin ba. In ka ɗaura 35mm a kurof za ka sami abin da 50mm ke bayarwa a babbar, in kuma faɗi kake nema, Canon na da 10-18mm mai sauƙin kuɗi wanda ke kwashe ɗaki har da labule.

Wannan jawowar kuma ba kullum take zama cikas ba. Je ka Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe ka gani. Dogarai ba za su bar ka ka matsa ba, dawakai na zuwa jahi a guje, kai kuma fuskar mahayin kake so da adon linzami. A nan 250mm a kan Canon kurof yana ba ka ganin 400mm. Mai ful-firem da ke son kaiwa inda ka kai sai ya ɗauko gilashin da ya ninka naka kuɗi da nauyi. Haka abin yake a filin ƙwallo da dambe da kokawa, da ma masu bin tsuntsaye a fadamun Hadejiya da Nguru. Da na koma 6D, hawan sallar farko da na je da 50mm, dawakai ƙanana-ƙanana na dawo da su.

Ban ce ful-firem ba ta da abin yabo ba, ai da ba ta da shi da ban riƙe ta har yau ba. Inda take nuna kanta shi ne duhu. Fili mai faɗi ya fi tara haske, don haka in kyamarorin biyu 'yan zamani ɗaya ne, babbar a ISO 3200 (lambar da ake ɗagawa don sensa ta gani a duhu, amma hoto ya yi yashi-yashi) takan ba da tsabtar da ƙaramar ke bayarwa a wajen 1600. A zauren dina mai fitilu ja da shuɗi, ko wajen maulidi da dare, ko inda janareta ya tsaya ana tsakiyar liƙi, wannan tazarar tana ceton mutum. Amma ka lura da sharaɗin da na gindaya: 'yan zamani ɗaya. Canon 5D Mark II ta 2008 ce, ita ce ta sa duniya ta haukace da ful-firem saboda bidiyon 1080p da ta zo da shi, amma gurabenta na kama fokas tara ne kacal. Sony a6400 ta 2019, kurof ce, tana bin idon mutum da kanta yana tafiya yana juyawa. In ango da amarya na takowa cikin zaure, hoton da idonsu ya fito tar da ɗan yashi-yashi ya fi mai tsabta wanda fokas ya faɗa kan kujerar baya. Kada sunan ful-firem ya sa ka ɗauko tsohuwa ka bar yarinya.

Sannan tazarar duhun nan, lensi kaɗai yana iya cike ta har ya wuce. 18-55 ɗin da ke zuwa da kyamara, in ka zuƙo shi ƙarshe ƙofar haskensa f/5.6 ce. Lensi mai f/2.8 yana shigar da haske ninki huɗu na wannan, mai f/1.8 kuwa kusan ninki goma. Tamron da Sigma duk suna da 17-50mm f/2.8 na kurof, Sigma kuma ta fitar da 18-35mm f/1.8 a 2013. Ka ga sauya lensi ya ba ka abin da ya fi sauya sensa, da kuɗin da bai kai ba. Filasha kuma ta fi su duka. Ka koyi harba ta sama ta bugi farin silin ta dawo a tausashe, ko ka sa yaronka ya riƙe maka ita a gefe da lema. Ranar da na fara yin haka na gane abin da hotunana suka rasa tun farko haske ne, kuma da kuɗin cikon da na yi a 6D da na sayi filasha biyu da lensi mai kyau, da canji.

Sai maganar dusashewar baya, wadda ita ce ke jan yawancinku. Gaskiya ne, in an daidaita girman mutum a hoto, ful-firem ta fi narkar da abin da ke bayansa: f/1.8 a kurof yana kama da f/2.8 a babbar ta wannan fuska. Ga hoton amarya ita kaɗai, abin sha'awa ne. Amma nawa ne daga cikin hotunan biki na mutum ɗaya? Yawanci dangin ango ne sahu uku, ƙawaye sun yi anko sun cika fili. Na taɓa buɗe lensi har ƙarshe a irin wannan hoton don in nuna sabuwar kyamara, sahun gaba suka fito, uwar amarya da ke baya ta dushe. Hajiya ba ta tambaye ni girman sensa ba, cewa ta yi, "Malam mai hoto, ni ina fuskata?" A hoton taro dole ka rufe zuwa f/5.6 ko f/8, a nan kuwa fifikon babbar ya tafi, har ma ƙaramar ta fi sauƙin kama kowa.

Ku masu harkar bidiyo, kada wani ya ce muku sai da ful-firem ake fim. Awon da ake kira Super 35, wanda aka shekara da shekaru ana ɗaukar manyan finafinan duniya da shi, faɗinsa kusan ɗaya yake da na kurof ɗin da ke hannunku. Sauti da haske ne ke tona asirin ɗan koyo.

Ka kuma tambayi kanka inda hoton zai ƙare. Yawancin aikinmu yau a waya ake kallonsa, WhatsApp ya matse shi, Instagram ya rage shi. In wankewa za a yi, megafiksil 24 ɗigo 6000 ne a faɗi da 4000 a tsayi, ya ishi firem na inci 20 da kyau ƙwarai, balle albam. Girman sensa ma ba shi ne yawan megafiksil ba: 6D ɗina 20 gare ta, Canon 80D kurof tana da 24.

Wani abin da na fi so ka duba fiye da sensa shi ne ramin memori. Biki ba a maimaita shi. Kyamara mai rami biyu tana rubuta kowane hoto a kati biyu lokaci guda, in ɗaya ya lalace kana da ɗaya. Nikon D7100 da D7200 kurof ne, ramukansu biyu. 6D ful-firem ce, raminta ɗaya. In aka ce in zaɓar wa mai biki tsakanin babbar sensa da rami biyu, ban tsaya tunani ba. Haka nan gangar kurof biyu, ɗaya da lensi mai faɗi ɗaya da na nesa, sun fi babbar guda: in ɗaya ta tsaya kana da madadi, ba ka kuma buɗe cikin kyamara kana sauya lensi a tsakiyar ƙurar hunturu.

To wa ya kamata ya saya? Wanda aikinsa ya riga ya matsa masa. In yawancin kwangilarka ta dare ce a wurin da ba a yarda da filasha ba, ko kana ɗaukar hoton kaya da gine-gine ga kamfanonin da ke buga manyan alluna, kuma kuɗinka zai kawo gangar jiki da lensi biyu nata ba tare da ka taɓa jarin gida ba, bismillah. In kana hangen hakan nan gaba, daga yanzu in za ka sayi lensi ka riƙa zaɓar na ful-firem, EF a Canon, FX a Nikon, FE a Sony, domin suna aiki a kan ƙaramar, ranar da ka koma babbar kuma su bi ka.

In ta hannu za ka saya, kamar yawancinmu, ka je da katinka da lensinka. Ka sa a duba maka adadin bugun shota: D750 da 5D Mark III an auna su a kan bugu 150,000, 6D a kan 100,000, in ta doshi wannan adadi sai ka rage kuɗin gyara daga farashi. Ka rufe lensi zuwa f/16 ka ɗauki farin bango, ka buɗe hoton a kwamfuta. Ɗigon ƙura ana goge shi, amma layi ko tabon da ba ya motsi bayan an goge, ka ajiye musu kayansu. Ka haska tocila cikin lensin ka nemi farin zare-zaren da danshi ke haifarwa, musamman in kayan daga Legas ko Kwatano suka hauro. Ka nemi a ba ka kwana biyu na gwaji a rubuce, ka kai ta wajen aiki na dare kafin ka cika kuɗi.