Abin da aikin murjani da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya koya mini

Tun da labarin barina aiki ya fita, ɗalibai da ƙananan ma'aikatan tashar binciken teku ke tambayata abin da zan bar musu. Na'urori dai ba nawa ba ne, kwale-kwale ma haka. Wannan rubutun shi ne abin da zan iya bari, kuma duk wanda ya zauna da mu ya san inda maganar ta dosa ko ban kama suna ba.

Ƙirgar murjani, halittar nan da ke gina duwatsu a ƙarƙashin teku, aka ɗauke ni yi. Ruwan ƙarƙashin ƙasa shi ya same ni a bakin aiki. Idan teku ya janye ka yi nutso kusa da gaɓa, akwai wuraren da sanyi ke bugun jikinka kwatsam, ruwan kuma ya yi dishi-dishi saboda mai daɗi yana gauraya da mai gishiri. Masunta sun san wuraren nan tun kafin a haife mu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, bayan zafin 2016 da ya mayar da murjani fari fat a tekuna da dama, na can nesa da gaɓa ya fara farfaɗowa, amma na kewayen waɗannan idanun ruwa gansakuka ce ta rufe shi, bai sake tashi ba.

Ba ni na fara wannan tunani ba. Tun 1980 Robert Johannes ya rubuta cewa ruwan da ke tsiyaya ta ƙarƙashin gaɓa yana kai wa teku naitirojin mai yawa, sinadarin da ke zama taki ga gansakuka. A 1996 Willard Moore ya yi amfani da sinadarin radiyam a gaɓar kudu maso gabashin Amurka, ya ƙiyasta cewa ruwan da ke shiga teku ta ƙasa a can ya kai kusan kashi 40 cikin 100 na wanda koguna ke kawowa. Matsalar ita ce ba a ganinsa, sai dai a bi sawunsa. Mu radon muka bi, wani sinadari mai kama da iska da ke fitowa daga duwatsu, domin ya fi yawa a ruwan ƙasa fiye da na teku ninkin ba ninki, kuma rabinsa yana ɓacewa cikin kwana 3.8, don haka in ka same shi da yawa a bakin gaɓa, bai daɗe da fitowa daga dutse ba. Aikin kwana ne a kwale-kwale, famfo yana ja, na'ura tana ƙirga, kai kuma kana gadin batir kana rubuta ƙarfin iska, tunda iska na kwashe radon daga saman ruwa, in ba ka cire wannan a lissafi ba ka yi aikin banza. Duk lokacin da teku ya janye, radon ya hau, gishiri ya ragu, naitiret, wato nau'in naitirojin da ke narkewa a ruwa, ya hau tare da shi. A bayan gaɓar kuwa babu komai sai gidaje da masaukan baƙi, kowanne da sokawe a cikin dutsen da ke shan ruwa.

Da wannan na je wurin Oga, shugabanmu, da zargin cewa ƙazantar sokawe ce ke ciyar da gansakukar. Ya duba zanen sama-sama ya ce, "Zafi ne ke kashe murjani, kowa ya sani. Kai yaro ne, kada ka jawo mana rigima da mutanen gari." Na ce, "Ranka ya daɗe, ban musa zafi ba. Ina maganar abin da ke hana shi tashi ne bayan zafin ya wuce." Ya ce zai duba. Da rahoton shekara ya fito, babin gaba ɗaya babu shi. Ba a ce aikin ba daidai ba ne, ba a nuna mini kuskure ko ɗaya ba, an dai cire shi. Kuɗin kwale-kwalen dare kuma aka ce babu a kasafin shekara mai zuwa.

In za a yi adalci, gardamar tana da tushe a ilimi. A Jamaika murjani ya faɗo daga kusan rabin ƙasan wurin a ƙarshen shekarun 1970 zuwa ƙasa da kashi 5 cikin 100 a farkon shekarun 1990. Terry Hughes ya ɗora laifin a kan yawan kamun kifi, da guguwar Allen ta 1980, da cutar da ta kashe bushiyar teku a 1983, wadda ita ce ke kiwon gansakuka. Brian Lapointe ya ce a duba naitirojin da ke shigowa ta ruwan ƙasa. Sun yi shekaru suna kai ruwa rana a mujallu, kowa da alƙalumansa a fili. Da haka Oga ya yi mini, da na gode masa har yau. Shi bai kawo hujja ba, aljihun tebur ya kawo. Kuma ya san labarin mashigin tekun Kaneohe a Hawai, inda aka karkatar da bututun ƙazanta daga mashigin a 1977 da 1978, gansakuka ta ja baya, murjani ya dawo. Shi da kansa yake koya wa ɗalibai wannan.

Dalilinsa ban ji daga bakinsa ba, amma ba ɓoyayye ba ne. Zafin duniya ba shi da adireshi, ba wanda zai kira ka a waya don ka ambace shi. Sokawe kuwa yana da mai shi, kuma mai shi yakan zauna a teburin da ake raba izinin bincike.

Sai ga shari'ar tsibirin Maui a Hawai. A can an zuba rini a rijiyoyin da masana'antar tace ƙazanta ta Lahaina ke ɗura ruwa a ciki, a 2011, bayan kwana 84 rinin ya ɓullo a idanun ruwa kusa da murjanin Kahekili. A watan Afrilun 2020 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 6 da 3, ta ce ƙazantar da ta bi ta ƙasa ta isa teku tana iya buƙatar izini, matuƙar a aikace daidai take da wadda aka zuba kai tsaye. Nan da nan masu ba da tallafi suka fara neman irin wannan bincike. Babin da aka cire ya fito daga aljihun tebur, aka kakkaɓe shi, ya zama maƙala. Sunan Oga a gaba, sai na wasu baƙi biyu da ba su taɓa kwana a kwale-kwalen ba. Nawa yana can ƙasa, a sashen godiya, an gode mini saboda taimako a bakin aiki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na kai ƙara inda ya kamata. Aka tambaye ni ko akwai wata takarda da ta nuna wa ya tsara aikin. Abin da ke hannuna littattafan fili ne, wato na rubuta awo a bakin aiki, da rubutuna da kwanan wata, da wasiƙun imel da na aika masa tun farko. Su suka sa aka ƙara sunana daga baya a matsayi na uku. Haƙuri ba a ba ni ba, kuma tun ranar gaisuwarmu ta zama ta ɗaga hannu daga nesa.

Don haka, ku da kuka rage: a yi maganar jerin sunaye kafin a sa kwale-kwale a ruwa, kuma a rubuce. Duk abin da aka faɗa muku a ofis, ku koma ku aika shi ta imel da ladabi, kuna neman a tabbatar. Ba rashin kunya ba ne.

Sauran gajeru ne. Kada ku yarda da awon yini guda, ruwan ƙasa yana canzawa da cikar teku, da wata, da damina. Rabin duro da leda, wanda ake kifawa a ƙasan teku don auna ruwan da ke tsiyayowa, yana aiki a yashi, a kan dutsen murjani yoyo yake yi. Ku ɗebi ruwan rijiyoyin gaɓa da yawa, domin radon ɗinsu ya bambanta, kuma duk lissafinku a kansa ya dogara. Ba kowane idon ruwa ne mai laifi ba, wasu ma sanyinsu yana sassauta wa murjani lokacin zafi, ku auna kafin ku zargi kowa. Ku biya matuƙin kwale-kwale a kan lokaci, ku sa sunansa a rahoto, shi ya nuna mana yawancin wuraren.

Idon ruwan da ke arewa da tasha har yanzu ba a auna shi da damina ba, kuma ina zargin ya fi sauran kawo naitiret. Wanda ya ɗauki aikin ya neme ni, zan ba shi duk abin da na tara. Kwafin littattafan fili yana hannun mutum biyu da na amince da su, ba ya cikin kabad ɗin ofis.