Na'urar danshi da farar ƙura

Talata, tsakiyar Janairu, Kano.

Tun asuba hazo ya rufe gari, gidan da ke kallon namu ma da ƙyar ake hango shi. Ƙurar nan daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso mafi yawanta, ga shi ta iso har kan teburina.

Auta ya tashi ba haɓo, alhamdulillahi, yau kwana shida ke nan. Saboda shi maigida ya sayo na'urar nan mai fesa danshi a ɗaki, don tun shigowar hunturu hancin yaron ke bushewa, ya wayi gari da jini a matashi. Ta yi aiki, ban musa ba. Amma da na shiga gyara ɗakin, sai na ga wata farar ƙura kamar garin alli a kan madubi da bakin gado, ba irin jar ƙurar waje ba. Na buɗe tankin na'urar na zura yatsa, sai santsi, ga wani wari kamar na randar da aka manta da ita. Kunya ta kama ni. Kwana shida ina ƙara ruwa kan ruwa, ban taɓa zubar da na jiya ba, kuma abin da yaron ke shaƙa ke nan duk dare.

Na kira ƙanwata, ma'aikaciyar jinya ce. Ta ce, “Yaya, ruwan burtsatse kike zubawa ko?” Na ce ƙwarai. Ashe gishirin da ke cikin ruwan ne na'urar ke watsawa tare da feshin, shi ne farar ƙurar, kuma tafasawa ba ta raba ruwa da shi duka. Wanda aka tace ta hanyar tururi, na kemis, shi ya fi. Ta ce kullum in juye tankin in goge ya bushe kafin in sa sabon ruwa, duk bayan kwana uku kuma in yi masa wankin gaske. Haka na jiƙa shi da ruwan khal kusan minti 20, na cuɗa lungunan da tsohon buroshin haƙori, na ɗauraye har sau uku.

Ina cikin haka Hajiya ta leƙo daga sashenta. “Ke 'yar nan, ɗiga masa Dettol mana, ki huta.” Na ce, “Hajiya, ai duk abin da ya shiga ruwan nan, huhun jikanki zai sauka.” Na ba ta labarin Koriya ta Kudu, inda a 2011 aka gano maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake zubawa a irin wannan na'ura ne ke lalata huhun mutane, jarirai da masu juna biyu da yawa suka rasu. Ta yi salati, can kuma ta ce to ko ɗan turare. Shi ma na ba ta haƙuri.

Da la'asar maigida ya shigo da ƙaramin ma'aunin danshi da na aike shi. Ana son ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. In ya zarce haka sosai, bango ya fara fumfuna, an gudu ba a tsira ba. Na kuma sauke na'urar daga gefen gadon yaron, na ɗora ta kan kujerar katako nesa da labule da soket.

Ƙarfe tara aka ɗauke wuta. Na jiƙa tawul na shanya a bayan kujera, yadda Inna ke mana muna yara, na shafa wa auta man kaɗe a leɓe da dugadugai. Yanzu haka yana barci, baki a rufe.