Idan sabuntawa ta rufe maka wasan da ka saya

Duk lokacin da Steam, manhajar sayen wasannin kwamfuta, ta nuna min wani wasa na sauke sabuntawa, gabana yakan ɗan faɗi. Mai buga gem a kan Windows yana jiran sabuwar taswira ne, ko sabon makami, ko gyaran wata matsala da ta daɗe tana damunsa. Ni da kwamfutata ke kan Linux, wata babbar manhaja da ake amfani da ita a madadin Windows, tambayata ta farko daban ce: idan an gama saukewa, wasan zai buɗe kuwa?

Dalilin wannan fargaba yana cikin yadda wasannin ke gudana a wajenmu. Yawancinsu don Windows aka rubuta su. Abin da ke sa su aiki a kan Linux shi ne Proton, wadda kamfanin Valve, mai Steam, ya fitar a watan Agustan 2018 a kan tubalin Wine, aikin sa-kai da aka faro tun 1993. Proton tafinta ce: wasa ya yi magana da yaren Windows, ita kuma ta juya wa Linux, umarnin zanen hoto na DirectX, yaren Windows, ya koma Vulkan da Linux ke ganewa. Kafin nan Valve ya kawo Steam kan Linux a 2013, ya gwada na'urorin Steam Machine a 2015 ba su karɓu ba, saboda wasannin da ke aiki a kansu ba su da yawa. Sai da Steam Deck, na'urar wasa ta hannu ta Valve, ta fito a Fabrairun 2022, ɗauke da SteamOS da aka gina a kan Arch Linux, kamfanoni suka fara lura cewa akwai masu sayen kayansu da ba sa amfani da Windows. A yau wasan da mutum ke bugawa shi kaɗai, da wuya ya ƙi tashi. Ni kaina na daɗe ban ci karo da irinsa da ya gagara ba. Matsalar tana ɓullowa ne daga baya, bayan ka riga ka saya, ka saba, ka zuba lokacinka.

Wata ɓarnar ba da gangan ake yin ta ba. Kamfani ya ƙara wata ƙaramar manhaja da dole sai ta buɗe kafin wasa ya tashi, ko ya canza makullin hana kwafi, bai gwada a kan Proton ba, shi ke nan komai ya tsaya. Haka ta faru da wasannin BioShock a 2022 da kamfanin 2K ya cusa musu manhajar buɗewa tasa, haka kuma Monster Hunter Rise ya daina tashi a Steam Deck a Janairun 2024 bayan Capcom ya canza makulli. Irin wannan ba ta cika tayar min da hankali ba. Mutane kan kai rahoto, Valve ya fitar da gyara cikin 'yan kwanaki, a ci gaba da wasa. 2K ma daga baya ya cire manhajar tasa gaba ɗaya.

Wadda ke ci min rai ita ce rufewar da ake yi da niyya, kuma kusan kullum da sunan yaƙi da masu maguɗi.

A shekarar 2024 kaɗai abin ya yi yawa. League of Legends ya koma amfani da Vanguard, manhajar hana maguɗi ta kamfaninsa Riot, duk mai buga shi ta Wine ya fita. Kamfanin EA ya sa tasa manhajar a tsofaffin wasannin Battlefield da mutane suka yi shekaru suna bugawa lafiya lau. A watan Satumba Rockstar ya sa manhajar hana maguɗi ta BattlEye a GTA Online, masu Steam Deck suka wayi gari ba sa iya shiga ɓangaren intanet, duk da cewa BattlEye na iya aiki da Proton tun 2021 idan kamfanin wasan ya yarda a kunna. A ƙarshen Oktoba kuma aka rufe Apex Legends. Wannan na ƙarshen ya fi ba ni mamaki, domin wasan yana da alamar tantancewa ta Steam Deck tun 2022, kuma manhajarsa ta hana maguɗi, Easy Anti-Cheat, ba ta aiki a kan Proton sai kamfanin wasan ya kunna ta da hannunsa. Wato su suka buɗe ƙofar da saninsu, mutane suka shiga suka kashe kuɗi, sannan suka rufe.

Na ɗanɗana wannan a wani wasan haɗin gwiwa da muke bugawa da abokai da daddare. Na sayi kayan ado a cikinsa, na kai wani matsayi da nake alfahari da shi. Rana ɗaya sabuntawa ta sauka, sai saƙo ya fito cewa ba a goyon bayan na'urata. Asusuna yana nan, kayan da na saya suna nan, ni ne dai ba ni da hanyar isa gare su. Abokaina suka ce, "Kai ma dai, sa Windows mana ka huta." Na san da kyakkyawar niyya suka faɗa. Amma kwamfutar nan ita ce wurin aikina, na tsara ta yadda nake so, kuma ban ga dalilin da zai sa in rushe tsarin nan saboda wani ya canza ra'ayi bayan ya karɓi kuɗina ba.

Hujjar kamfanonin ba ta banza ba ce, kuma ba na jin daɗin yadda wasu 'yan'uwana masu Linux ke watsar da ita kamar ƙarya ce tsagwaronta. Manhajojin hana maguɗi masu ƙarfi a Windows suna zama ne a can cikin zuciyar babbar manhaja, inda suke ganin duk abin da ke motsi a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Microsoft ke da iko da wannan zuciyar, kuma duk manhajar da za ta shiga cikinta sai an sa mata hannu. A Linux kuwa mai kwamfuta ne ke da iko. Yana iya ɗauko rubutun zuciyar, ya canza abin da ya ga dama, ya sake haɗa ta. Manhajar hana maguɗi a kan Proton tana zaune ne a sama, tare da sauran manhajoji, don haka mai maguɗin da ya ɓoye kayansa a ƙasa ya fi ta tsawon hannu. EA, mai Apex Legends, ya ce ba shi da tabbatacciyar hanyar bambance Steam Deck ta gaskiya da kwamfutar mai maguɗi da ke kiran kanta Steam Deck. Na yarda da wannan. 'Yancin da ya sa nake son Linux shi ne dai abin da ke ba su tsoro, kuma duk wanda ya taɓa shan kashi a hannun mai harbi ta bayan bango ya san dalilin da ya sa masu Windows da yawa suka yi murna da aka kore mu.

Sai dai murnar tasu ba ta daɗewa. Wasannin da ba su taɓa barin Linux ya shiga ba, har yau 'yan wasansu na kuka da maguɗi. Masu yin sa da gaske sun koma amfani da kati na musamman da ke karanta ƙwaƙwalwar kwamfuta ya aika wa kwamfuta ta biyu, inda babu mai gadin da zai gani. Maganin da ya fi dorewa yana wajen sabar kamfani, wato kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa: kada ta aiko wa kwamfutata wurin da abokin gaba yake alhali bai kamata in gan shi ba, ta kuma lura da wanda hannunsa ke yin abin da ɗan'adam ba zai iya ba. Wannan aiki ne mai tsada da ke buƙatar ma'aikata. Toshe Linux kuwa aikin yini ɗaya ne, kuma yana ba kamfani abin da zai rubuta a sanarwa cewa ya ɗauki mataki. Shi ya sa nake ganin an yi mana kuɗin goro. Ban da haka, ni ba na son manhajar wasa ta zauna a zuciyar kwamfutata. Abin da ya faru a Yulin 2024, lokacin da sabuntawa ɗaya ta CrowdStrike ta durƙusar da miliyoyin kwamfutocin Windows, ya nuna abin da kuskure a wannan mataki ke jawowa, kuma wannan kamfanin tsaro ne ma, ba na wasa ba.

Akwai masu cewa ku nawa ne da za a damu da ku. Gaskiya ba mu da yawa. A ƙididdigar da Steam ke fitarwa duk wata, Linux ya daɗe a wajen kashi 1 cikin 100, ya haura 2 a 2024, ya taɓa 3 a Oktoban 2025, watan da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ya bar kwamfutoci masu lafiya da yawa da ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Idan kamfani ya duba wannan adadi ya ce tun farko ba zai shiga ba, ba ni da ƙorafi. Epic ya faɗa ƙarara tun 2022 cewa Fortnite ba zai zo Steam Deck ba. Bungie ma ya ce Destiny 2 ba na Linux ba ne. Ban ji daɗi ba, amma na san matsayina, ban kashe ko sisi ba, babu wanda ya yaudare ni. Bambanci ne babba tsakanin wanda bai sayar maka ba da wanda ya sayar sannan ya ƙwace.

Ko janyewar ma akwai yadda ake yin ta da mutunci. Psyonix ya sanar a Janairun 2020 cewa Rocket League zai daina aiki ta intanet a Linux da macOS daga watan Maris, ya bayyana dalili, cewa zai koma DirectX 11 kuma masu amfani da tsarin biyu ba su kai kashi 1 cikin 100 na 'yan wasansa ba, sannan ya buɗe hanyar mayar da kuɗi. Mutane sun yi fushi, hanyar karɓar kuɗin ma ta zo da tangarɗa da farko, amma an ba da wa'adi, an kuma amsa cewa akwai bashi. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da nake nema. Ƙa'idar Steam ta mayar da kuɗi ta tsaya ne a kwana 14 da sayen wasa da awa 2 na bugawa, ba ta hango wanda aka rufe wa wasa bayan shekara biyu ba.

Game da yadda mu 'yan wasa ke mayar da martani, ina da ra'ayi biyu da ba sa jituwa sosai. Ina ganin daidai ne wanda aka rufe wa wasa ya je ya rubuta mummunan sharhi. Sharhi labarin abin da ka samu ne, kuma "na saya, yanzu ba ya buɗewa" labari ne da mai niyyar saye ya cancanci ji. Surutu kuma yana aiki. A farkon 2025 NetEase ya dakatar da asusun wasu masu buga Marvel Rivals a Linux da Mac bisa kuskure, yana zaton maguɗi suke yi. Da aka yi ca, ya ba da haƙuri ya mayar musu. Amma na ga yadda wasunmu ke afka wa ƙaramin mai haɗa wasa, mutum ɗaya ko biyu, da zagi saboda sabuntawarsa ta karya wani abu a wani nau'in Linux da bai taɓa jin sunansa ba. Wannan yana kashe mana kasuwa. Mutumin da aka zaga yau, gobe idan aka ce masa Linux sai ya kau da kai.

Abin da ya fi zagi tasiri shi ne rahoto mai kyau, kuma a nan muke da abin tinƙaho. Wanda ya haɗa wasan ΔV: Rings of Saturn ya bayyana a 2021 cewa masu Linux kashi 5.8 ne na masu sayen wasansa, amma su suka kawo kashi 38 na rahotannin matsala. Da farko sai ka ce ai wannan kaya ne. Sai ya ƙara da cewa uku kacal daga cikin rahotannin suka shafi Linux kaɗai, sauran matsaloli ne da ke damun kowa, kuma rahotannin na zuwa da cikakken bayani: sigar manhaja, matakan da za a bi matsalar ta sake faruwa, da fayil ɗin da ke nuna inda abin ya tsaya. Wanda ya saba da buɗaɗɗiyar manhaja ya saba da cewa idan abu ya lalace, kai ma kana da hannu a gyaransa. Ina so kamfanoni su san da wannan, ina kuma so mu riƙe shi.

Haka nan ban bi sahun masu cewa ba za su sayi wasa ba sai an gina shi musamman don Linux. Na ga sigar Linux da aka yi watsi da ita, ta tsaya a tsohuwar sabuntawa har ba ka iya buga ta da abokanka na Windows, alhali sigar Windows ɗin na gudu sumul ta Proton. Factorio da Stardew Valley suna kula da nasu, Allah ya saka musu. Wanda ba zai iya ba, ya gwada kowace sabuntawa a kan Steam Deck guda ɗaya kafin ya sake ta, ya rubuta a bayanin sabuntawar ko ta ci jarrabawar. Wannan ya ishe ni.

Yanzu kafin in sayi wasa nakan duba ProtonDB, shafin da masu Linux ke ba da rahoton yadda wasanni ke aiki ta Proton, in karanta rahotannin baya-bayan nan, ba na bara ba. Nakan kuma duba shafin wasan a Steam, domin tun ƙarshen 2024 Valve ya wajabta wa kamfanoni su bayyana idan wasansu na ɗauke da manhajar hana maguɗi mai shiga zuciyar kwamfuta. Wasan gasa na intanet kuwa, ko yana aiki yau, na daina sayen kaya a cikinsa. Alamar da ke shafin tana gaya min abin da ke cikin wasan a ranar da na duba ne kawai. Babu inda kamfani ke rubuta tsawon lokacin da ya yi alkawarin barin wasan yana aiki a kan Proton, kuma wannan layin nake so Valve ya tilasta musu su ƙara.