Falanki a bangon banɗakina

Na daɗe ina sha'awar bangon katakon nan irin na tsofaffin gidajen gona, sai na ce bari in gwada da hannuna. Layin farko na bi daɓe, ashe a karkace yake. Dole na ɓamɓare, na ɗauko ma'aunin magina mai ɗigon ruwa na sake.

Katako yana shan danshi ya kumbura, shi ya sa na shafe kowane falanki da fenti gaba da baya, har bakin da zarto ya ci. Tsakaninsu kuwa ƙwandala nake soka wa don ratar ta zo daidai. Wajen shawa ban taɓa tayil ɗin ba.

Lungun bayan masai ne ya cinye min yini guda a durƙushe. Har yau gwiwata ba ta yafe min ba.