Tulun Inna

Laraba. Famfo shiru tun asuba, jarka huɗu muka saya wajen mai ga-ruwa.

Bayan la'asar Auta ya dawo daga jami'a da maganar da ta kusa sa Kawu ya ƙware da shayi. Wai a darasin inganta iri, da tabar wiwi aka yi musu misali. Kawu ya dire kofi: "Kai yaro, abin da jandarma ke kama mutane a kansa, shi ake koya muku?" Auta ya ce, "Kawu, ba zancen sha ba ne, zancen iri ne." Na ce a bar shi ya ƙarasa.

Ashe ita ma tana da irin gargajiya, kamar hatsi. Na duwatsun Hindu Kush a Afganistan gajere ne mai faɗin ganye, da wuri yake nuna kafin sanyi ya riske shi. Na Malawi dogo, ganye siriri, ba ya gaggawa. Irin waɗannan ne masu haɗa iri a Amurka suka yi ta aurarwa a shekarun 1970, kowane da halin da ake nema a jikinsa. Amma na Maroko ne ya tsaya mini a rai. Manoman tsaunukan Rif suna da nasu, beldiya, ruwan sama kaɗai ya ishe shi. Aka kawo musu haɗaɗɗen iri mai yawan yabanya, suka rungume shi, sai ga shi ba ya yi sai da ban-ruwa. Da ƙasar ta halatta noman wiwi don magani da masana'antu a 2021, beldiyar da aka raina ita aka koma nema.

Kawu ya ce Allah ya kiyashe mu, ya tashi alwala.

Ni kuwa hankalina ya tafi kan tulun Inna. Irin hatsin nan Ankutes da ta zo da shi daga Tanut, mai gajeriyar zangarniya. Tun a gona take ware manyan kai, ta sussuka su daban, ta gauraya da toka, ta liƙe bakin tulu da laka. Ko damina ta ɗauke da wuri, ba ta rasa na fura. Shekarar da ta rasu hatsi ya yi tsada, ni da hannuna na ɓalle lakar na kai inji. Tiya uku. Har yabon tuwon na yi. Na ce ai ga ingantaccen irin hatsin nan HKP ana samu, ban ma san shi ma daga Haini Kirei, irin gargajiya na ƙasar Zabarma, aka tace shi ba.

Auta ya so ya lallashe ni, wai cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore tana adana irin hatsi iri-iri. To. Ankutes bai ƙare a duniya ba, na sani. Amma wanda idon Inna ya yi ta zaɓe kaka bayan kaka, wannan mu muka cinye da miyar kuka.

Bayan isha'i na kira Goggo ta Tanut, in ji ko ta rage irin Inna, ko da cikin gwangwanin tumatir ne. Sau uku, waya ba ta shiga.