Yadda na koyi ba kunamar ruwa abinci da hannuna

Lokacin da nake karatu a Amurka na samu aikin hutu a wani gidan zoo, ni a zatona shara zan riƙa yi ko sayar da tikiti, kawai sai aka kai ni bakin wani tafki mai faɗi, ruwan bai kai gwiwa ba, cike da kifayen stingray suna ta zagaye kamar faifai mai fukafukai. Masuntanmu na kogin Binuwai sun san 'yar uwarsu ta ruwan daɗi, kunamar ruwa suke ce mata, kuma wallahi sunan ya dace saboda ƙayar dafin da ke kan wutsiyarta.

Gaskiya ranar farko na tsorata, abinda ke ta yawo a kaina shine Steve Irwin, baturen Ostareliya mai wasa da kada, da irin wannan kifin ya soke shi a ƙirji ya mutu a 2006. Matar da ke koya min aikin ta nuna min cewa namu ana yanke musu ƙayar lokaci-lokaci kamar yankan farce, ba ya musu ciwo kuma tana sake fitowa. Ta ce ko a teku ba sa neman faɗa, sai an taka su ko an matsa musu suke harbi, in ta faru kuwa ruwa mai zafi ake tsoma wurin a ciki kafin a kai asibiti.

Ga yadda ake ba su abinci, zaka saƙala guntun jatan lande ko ƙaramin kifi tsakanin yatsu biyu ya tsaya sama, sai ka shimfiɗa hannunka can ƙasan ruwa ka jira. Idanunsu a sama suke, bakin kuma a ƙasan ciki, kenan ba sa ma ganin abinda suke ci, da ƙamshi da ɗan lantarkin da jikin mai rai ke fitarwa suke gano shi. Sai kifin ya zo ya rufe maka hannu gaba ɗaya, jikinsa santsi kamar an shafa kuɓewa, kafin ka ankara kaji zuuu ya zuƙe abincin. Karon farko na fizge hannuna da ƙarfi, kifin ya firgita ya buga fukafukinsa a bango, abun ya dame ni har dare don ni na jawo masa. Haƙoransu faffaɗa ne na murƙushe katantanwa, in ka lanƙwasa yatsa sama zasu iya matse shi, shi yasa dole hannu ya kwanta.

Abinda yafi ba ni wahala daga baya mutane ne. Kullum sai na roƙe su su wanke hannu har gwiwar hannu da ruwa zalla, saboda man shafawa da turare suna ɓata ruwan su cutar da fatar kifin, kuma yatsu biyu kawai ake shafa bayansu da shi, banda wutsiya. Ni kaina na daina shafa basilin da safe har aikin ya ƙare, hannuna duk ya yi furu-furu.

Akwai wata ƙarama mai tabo a gefe da manyan ke ture ta lokacin cin abinci, sai na riƙa ɓoye mata nata in koma can kusurwa in jira. Bayan kamar sati uku ina tsoma hannu a kusurwar nan take tahowa.