Ɗan Damagaram a Kano: hutun Sallah a ƙarƙashin tamfol

Mutumin Damagaram ba ya samun rabon baƙo a Kano. Wanda ya zo daga Legas ko Kumasi ana kama hannunsa a nuna masa gari, a gaya masa inda ake hawa mota da inda ba a bi da dare. Mu kuwa wajen kilomita 240 ne tsakaninmu, ka biyo ta Magarya ka faɗo Babura, Hausa ɗaya, alƙibla ɗaya, tuwo ɗaya, shi ya sa kowa yake ɗauka ka riga ka san komai. Ba wanda ya gaya mini an hana haya da babur a cikin birni tun 2013, sai da na gaji da jiran kabu-kabu a bakin titi wani mai rake ya tura ni cikin adaidaita sahu. A gida da dala muke lissafin kuɗi, in an ce ashirin ana nufin sefa ɗari, don haka a Kantin Kwari na daɗe ina yin ciniki biyu, ɗaya da baki ɗaya a zuci.

A Kwari nake, yaron shagon wani Alhaji mai atamfa, ina kwana a Fagge. Tsofaffi sun ce a nan ayarin raƙuma daga arewa yake yada zango tun da can, to ni ma na yada nawa, amma daga ɗaki sai shago sai masallaci. Ranar da na san lallai a wata ƙasa nake ita ce lokacin canjin kuɗi, farkon 2023. Takardar naira ta ɓace, kowa ya koma tiransifa, ni kuwa ba ni da asusun banki, katin shaidar da ke aljihuna ma da Faransanci aka rubuta shi. Ko kuɗin koko sai an tura wa wani ya ba ni.

Cikin azumin shekarar ne yaran layinmu suka kawo shawarar a fita gari da hutun Sallah, a ga hawa sannan a je Tiga a kwana bakin ruwa. Kuɗin otal babu, ba a ma kawo zancensa ba. Aka yi karo-karo, aka damƙa wa wani ɗan Koki da muke kira Ma'aji, mutumin da in ka ari allurarsa sai ya rubuta. Ya sayi shinkafa da wake da manja da yaji da gawayi, da gurasar Jakara mai yawa saboda tana jure hanya. Tanti kuwa tamfol ɗin da ake rufe diloli ne, Alhaji ya ba mu aro da sharaɗin kada ya dawo da huda ko ɗaya. Kowa ya zo da tabarmarsa da gidan sauronsa. Mota ta ƙanin wani ce a cikinmu, tsohuwar bas, mai kawai za mu zuba. Ni aka ɗora wa shayi, wai aikin Buzaye ne, duk da na sha gaya musu ni ba Buzu ba ne.

Washegarin Sallah da sanyin safiya muka hau Dutsen Dala, wai za a nuna wa baƙo gari. A kan matakala asiri ya tonu: yawancin masu nuna mini garin ba su taɓa hawa ba, an haife su a gindin dutsen suna ganinsa kullum. Daga sama ana hango Gwauron Dutse da hasumiyoyin masallacin Juma'a na cikin gari, da guntayen ganuwar da aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu, inda gidaje ba su cinye ta ba. Wani ya soma ba ni labarin Barbushe da Tsumburbura, wani ya gyara masa, aka kaure da musu. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, shiru muka same ta, marina sun tafi yawon Sallah, sai warin baba. Muka wuce.

Hawan Daushe ne ya cinye mana yinin. Tun bayan azahar muka kama wuri a Ƙofar Kudu, kusa da Gidan Makama, rana tana dukanmu. Mu ma muna da hawa a Damagaram, kuma ban yarda a raina shi ba, amma yawan dawakin Kano wani abu ne daban. Kowane hakimi da tawagarsa da makaɗansa, kiɗan wannan bai gama wucewa ba na wancan ya shigo, har kunne ya rasa wanda zai bi. Mai algaita ya fi ɗaukar hankalina. Kumatunsa a kumbure, yana jan iska ta hanci yana tura wadda ya tara a baki, don haka busar ba ta yankewa ko sau ɗaya. Can sai 'yan bindiga suka saki harbi, hayaƙin albarushi ya turnuƙe, kakaki ya tashi, kowa ya san Sarki ne, domin ba a busa shi ga kowa. Ga tambura a kan raƙuma, ga dogarai cikin ja da kore, ga 'yan lifida. A Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya take tattali. Mu dai ba mu biya ko sisi ba, in ban da kuɗin ruwan leda. Da mahaya suka zo jahi suna ɗaga hannu, ɗan Fagge da ke gefena ya taɓa ni ya ce, “Malam, ka ga abin da ya kori Kuran Daga ke nan.” Na ce masa ai Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga har ƙasarku ya kawo yaƙi zamanin Sarkin Kano Alu, ku kuwa ba ku taɓa leƙa tamu ba. Daga ranar wannan tsokana ta zauna tsakaninmu.

Da gari ya waye muka kama titin Zariya. Bayan Kura ido ya cika da kore, a watan Afrilu, lokacin da ƙasarmu take fari fat. Ruwan Tiga ne ake korowa ta magudanai zuwa gonakin Kadawa, ana noman shinkafa da alkama da tumatir da rani. A wani shinge aka ce kowa ya nuna kati. Mutumin ya juya nawa gaba da baya, kafin na buɗe baki Ma'aji ya ce, “Yallaɓai, yaron Alhajinmu ne, tare muke ci tare muke sallah.” Aka miƙo mini aka ce mu sauka lafiya.

Gwamna Audu Bako ne ya gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano, aka gama ta a 1974. Wanda ya tashi inda ake bin layin famfo da jarka tun asuba, in ya tsaya gaban wannan ruwa sai ya rasa ta cewa. Otal ɗin Rock Castle daga nesa muka gaishe shi. Kafin mu sauke kaya muka nemi mai unguwar wani ƙauye da ke kusa, da goro a hannu. Duk mai niyyar irin wannan tafiya kada ya tsallake wannan, shi ne ya nuna mana tudun da za mu kafa tamfol, ya hana mu shiga ruwa ta inda yake da zurfi, ya kuma gaya wa 'yan sintiri cewa baƙinsa ne. “Ku ɗaure shi da kyau, 'ya'yana,” in ji shi, “iskar nan ba ta da kunya.” Muka sayi karfasa a hannun masunta da rahusa, aka dafa garau-garau, ni kuma na hura gawayi na ɗora buta. Kanawa sun saba da shayi mai madara a babban kofi, suka yi ta mitar ƙanƙantar kofunana, amma ba wanda ya bari zagaye na uku ya wuce shi.

Bayan isha muka jiyo kalangu daga dandalin ƙauyen, wasan Sallah bai ƙare ba. Muka bar mutum ɗaya gadin kaya muka bi sauti da tocila. Makaɗan ba su da lasifika ko janareta, sai fitilar caji a rataye a reshe. Babban yana da uwar kalangu a hammata, yana matse tsarkiya yana saki, muryar gangar tana hawa tana sauka kamar mai magana, yaransa suna karɓa da ƙananan ganguna. 'Yan mata suna gefe suna tafi, samari suna shiga fili ɗaya bayan ɗaya. A ganina wannan ya fi kiɗan fada shiga jiki. Na fada kallo ake yi daga nesa, wannan kuwa da kai ake yinsa.

Ɗan Fagge ne ya tsegunta wa maroƙinsu cewa akwai mutumin Damagaram a wurin. Sai na ji kiɗa ya juya, maroƙi ya ɗaga murya yana kiran jikan Sarki Tanimu, jikan Kuran Daga, baƙon da ya tsallako iyaka. Tun da na zo Najeriya ba wanda ya ambaci garinmu da girmamawa a bainar jama'a. Na shiga fili. Kuɗin da ke aljihuna na man komawa ne, Ma'aji ya ba ni ajiya saboda rigarsa ba ta da aljihun ciki, kuma na liƙa wa makaɗin nan rabinsu a goshi, takarda bayan takarda, ana ta guɗa. Ko yau aka sake kiɗan haka zan yi.

Da safe Ma'aji bai amsa gaisuwata ba. Man ya kai mu Kura da ƙyar, a can ya kira Alhaji aka turo kuɗi ta wurin mai POS. Mun yi alkawarin komawa da Babbar Sallah, sai aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, farashin lita ya kusa ninkawa uku, zancen ya mutu. A 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki a Yamai, aka rufe iyaka, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. Duk tsawon watannin nan ban je gida ba, ranakun hutu a gidajen mutanen tafiyar nan nake cin tuwo, yau Koki gobe Fagge. Kuɗin man na biya su daga albashina kaɗan-kaɗan, amma Ma'aji ya ce akwai sauran kuɗin ɗinkin tamfol, domin garwashin shayina ne ya huda shi. Ni kuma na ce iska ce ta kwaso garwashin, kuma shi ne ya zaɓi inda aka aje murhu. Alhaji ya ce mu sasanta tsakaninmu, har yanzu ba mu sasanta ba.